MAKARANTAR DUTSE TA SHERE: KIRA GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI

Duk wani falke ko dillalin shanu da ya daɗe a kara ta Agege ko ta Badun, ko da bai taɓa taka ƙasar Filato ba, ya san sunan Vom. A can ne tun 1924 likitocin dabbobi suka kafa ma'aikatarsu ta binciken cututtuka, suna haɗa allurar rigakafi wadda ta taimaka ƙwarai wajen yaƙi da bushiya, watau annobar nan da takan share garke ɗungum, wadda sai a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Wanda kuma yake bin labarun gwamnati ya san Kuru, maƙwabciyar Vom, inda aka buɗe babbar cibiyar nazarin manufofin ƙasa a 1979, domin manyan ma'aikata da hafsoshi su je su zauna watanni suna wasa ƙwaƙwalwa a kan al'amuran mulki.

To, amma a kan wannan tudu akwai wata makaranta ta uku wadda ba a cika ambatonta a Sabo da zanguna ba, alhali kuwa amfaninta ga mazauna Kurmi bai gaza na waɗancan biyu ba. Idan mutum ya baro Vom ya bi ta Bukur ya shiga Jos, sa'an nan ya fuskanci gabas, zai hangi wasu duwatsu sun tokare sama. Su ne Duwatsun Shere, a ƙasar Afizere, waɗanda Hausawa kan kira Jarawan Dutse. Ƙololuwarsu ta kai kimanin ƙafa 6,000 daga bakin teku, watau mita 1,829. A cikinsu ne Makarantar Dutse take, inda ake koya wa samari da manyan ma'aikata hawan dutse da saukowa da igiya.

Mai karatu ya sha ganin samari cikin kaki a wurin taro ko a ƙofar makaranta, ana ce da su 'yan Man O' War. Mutane da yawa sun ɗauka wasu 'yan gadi ne kawai, wasu kuma suna tsammanin ma'anar sunan ita ce mayaƙi. Ko ɗaya ba haka ba ne. Sunan wani lungun teku ne, kuma labarin yadda ya taso daga bakin ruwa ya hau tudun Filato ya isa a tsaya a ji shi.

ASALIN ABIN

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun nutsar da jiragen kasuwanci na Ingila masu yawan gaske. Wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura da wani abin mamaki. Idan jirgi ya nutse, ma'aikata suka tsira cikin ƙananan kwale-kwale suna jiran ceto, sau da yawa samari majiya ƙarfi su ne kan riga mutuwa, dattawan da ƙarfinsu ya ja baya kuwa su jure har a cece su. Da aka duba sai aka ga dattijo ya sha wuya a baya, ya san iyakar abin da jikinsa zai iya ɗauka, ya kuma san yadda ake dogara da abokin tafiya. Saurayi kuwa bai taɓa gwada kansa ba, saboda haka zuciyarsa kan karaya tun jikinsa bai gaza ba.

Holt ya haɗa kai da wani shahararren malami, Kurt Hahn, Bayahuden Jamus wanda ya baro ƙasarsu a 1933 saboda mulkin Hitler. A 1941 suka buɗe makaranta a garin Aberdovey na ƙasar Wales, aka sa wa tsarin suna Outward Bound. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauko samari waɗanda ba su san juna ba, a sa su cikin wahalar da aka auna, a teku ko a kan dutse, ƙarƙashin idon gwanaye, har kowa ya gane cewa yana iya abin da ya fi zatonsa, kuma ba ya iya shi shi kaɗai. Bayan yaƙi tsarin ya bazu, har aka buɗe makarantar dutse a Eskdale ta arewacin Ingila a 1950.

A daidai wannan lokaci Nijeriya tana shirin karɓar mulkin kai. An yi babban taron Badun a 1950, aka fito da tsarin mulkin Macpherson a 1951, wanda ya ƙarfafa jihohi uku, Arewa da Gabas da Yamma. Kowace jiha tana da 'yan bokonta, amma akawun En'e na Katsina da malamin makaranta na Anacha da ɗan sandan Abekuta ba su da inda za su haɗu su san juna, in ba a takarda ba. Bugu da ƙari, akwai wata cuta da ta kama masu ilmin zamani a ko'ina, watau ganin cewa wanda ya riƙe alƙalami ya fi ƙarfin riƙe fartanya. Abin da ya auku a Kano cikin watan Mayu na 1953, sa'ad da gardamar ranar mulkin kai ta rikiɗe ta zama zub da jini tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, ya nuna cewa masu tsoron wannan rashin sanin juna ba su yi kuskure ba.

Wani Bature ma'aikacin raya karkara, mai suna Alec Dickson, shi ne ya kawo dabarar Outward Bound wannan yanki a 1951. Wurin da aka samu yana kusa da garin Victoria, wanda ake kira Limbe yanzu, a Kudancin Kamaru, wadda a zamanin nan ake mulkinta tare da Nijeriya. Sunan wurin Man O' War Bay, watau lungun jiragen ruwan yaƙi, domin a nan ne jiragen sojan ruwa na Ingila kan tsaya a ƙarni na 19 suna fakon jiragen fataucin bayi. Ga teku a gaba, ga kuma Dutsen Kamaru a baya, dutse mai aman wuta wanda tsawonsa ya haura ƙafa 13,000, babu kamarsa a duk wannan sashe na Afirka.

Aka riƙa aiko samari daga kowane lardi, akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan En'e da na kamfanoni, su yi 'yan makonni tare. Wanda ya fito daga Sakkwato bai taɓa ganin teku ba, sai ya koyi iyo da tuƙin kwale-kwale. Wanda ya fito daga bakin ruwa bai san abin da ake kira sanyin kan dutse ba, sai ya ɗanɗana shi a kan hanyar hawa Dutsen Kamaru. Dickson ya ƙara wani abu wanda ya dace da bukatar ƙasar, shi ne aikin gayya. Bayan horon jiki sai a kai ɗalibai ƙauye su tuɓe riguna su yi wa talakawa aiki da hannunsu, kamar gina gada ko gyaran hanya. Matarsa Mora ta rubuta labarin waɗannan shekaru a wani littafi mai suna New Nigerians, wanda ya fito a 1960. Shi kuma Dickson da ya koma gida sai ya kafa ƙungiyar VSO a 1958, wadda ta riƙa aiko samarin Ingila koyarwa a makarantun sakandare na ƙasar nan, har da na Arewa. Ashe ke nan wani ɓangare na abin da ya koya a wurin samarin Nijeriya ne ya koma ya shuka a ƙasarsu.

DAGA BAKIN TEKU ZUWA TUDU

A 1960, shekarar mulkin kai, majalisa ta yi doka wadda ta mai da makarantar hukuma ta ƙasa mai horar da 'yan ƙasa nagari da shugabanni. Ba a jima ba sai aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 11 ga Fabrairu, 1961. Arewacin Kamaru ta zaɓi zama cikin Nijeriya, ta zama Lardin Sardauna, Kudancin Kamaru kuwa ta zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. Da haka lungun teku da babban dutse suka fita daga hannun Nijeriya, ya zama tilas makaranta ta nemi sabon mazauni.

Filato aka nufa. Da farko an sauka a Kurra, a ƙasar Barikin Ladi, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse yana juya injunan lantarkin da kamfanin NESCO ya kafa domin mahaƙan kuza. Daga baya aka koma Duwatsun Shere. Sunan Man O' War kuwa ya biyo makarantar har tudu, ko da yake tsakaninta da teku akwai ɗaruruwan mil. Sannu a hankali hukumar ta yi rassa. Akwai Makarantar Teku a Apapa ta Ikko, da Makarantar Daji a Aluu kusa da Fatakwal, da wata a Awgu ta Jihar Inugu, da wasu a Arewa kamar ta Fika a Jihar Yobe da ta Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. A 1989 gwamnatin soja ta sabunta dokar hukumar da doka mai lamba 38. Takenta, in aka juya shi da Hausa, shi ne a gina mutum, a gina al'umma.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973, an sake komawa ga wannan tsohuwar zuma. Duk wanda ya yi zaman sansanin bautar ƙasa ya san ranar 'yan Man O' War, ranar da ake tsallake katanga da rarrafe da lilo da igiya. To, wannan ɗanɗano ne kawai. Ainihin tukunyar tana Shere.

Yana da kyau a fahimci bambancin wannan makaranta da irin ta wasu ƙasashe. Bayan Edmund Hillary da Tenzing Norgay sun hau ƙololuwar Everest ran 29 ga Mayu, 1953, Firayim Ministan Indiya Jawaharlal Nehru ya kafa makarantar hawan dutse a Darjeeling a 1954, aka ba Tenzing jagorancin horo. Su can burinsu su fitar da gwanayen da za su hau duwatsu masu ƙanƙara. Nijeriya ba ta da irin waɗannan duwatsu, domin mafi tsawo a ƙasar, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Saboda haka a Shere dutse allo ne kawai, darasin da ake rubutawa a kansa shi ne hali.

ABIN DA IGIYA KE KOYARWA

Da ɗalibai sun iso akan rarraba su ƙungiya-ƙungiya, ba a duba garinsu ko addininsu ko muƙaminsu ba. Akan tashi tun da asuba cikin sanyin Filato, a yi gudu da motsa jiki. Akan koyi karanta taswira da kamfas, da ɗaurin igiya iri-iri, da taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, da kafa tanti, da doguwar tafiya a ƙasa da kaya a baya. Akwai katangar da aka gina ta yadda mutum ɗaya ba zai iya tsallake ta ba, sai wani ya ba da kafaɗa an taka, wani ya miƙo hannu daga sama. Ƙungiya ba ta gama ba sai na ƙarshenta ya haye, ko da shi ne mafi ƙiba, ko mafi tsoro.

Amma babban darasi yana wurin saukowa daga kan dutse. Mutum zai tsaya a bakin gangare ya juya wa rami baya, igiya ɗaure a ƙugunsa, a ce masa ya jingina da iska ya fara takawa ƙasa. Hankalinsa duka yana gaya masa kada ya yarda. Abin da zai sa ya yarda shi ne ya amince cewa waɗanda suke kula da igiya ba za su yi sakaci ba. Wataƙila shi Bakatsine ne, wanda yake tsaye a kan igiyarsa kuwa mutumin Ijabu ne ko Birom na Vom, wanda ko sunansa bai iya faɗa daidai ba mako guda da ya wuce. In ya sauka lafiya sai a juya, shi ma a ba shi amanar ran wancan. Ana iya yi wa mutum lacca shekara guda a kan haɗin kan ƙasa ya fita bai riƙe kome ba, amma da wuya ya manta da fuskar wanda ya tsare masa igiya. Gani ya kori ji.

A nan ne maganar ta shafi mazauna Kurmi kai tsaye. Babu wanda zai koya wa mutumin Sabo ma'anar amana. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, cinikin shanu da goro a kan amana yake tafiya. Falke zai kawo shanu daga Arewa ya danƙa wa maigida, a sayar wa mahauta bashi ba tare da takarda ba, ya koma gida ya kwanta da hankalinsa domin ya san maigida ya tsaya masa. Wannan ma igiya ce, mai tsawon ɗaruruwan mil, kuma ta riƙe dukiyar mutane shekaru fiye da ɗari. Sai dai mafi yawanta tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa take. Da an tashi daga kasuwa, kowa ya koma unguwarsu. Yaron da aka haifa a Idi-Araba ko a Sabon Shagamu yana iya jin Yarabanci kamar ɗan gari, amma ya girma ba shi da amini ko ɗaya a cikin 'yan garin wanda zai ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare.

Ranar da wannan rashi yake bayyana kowa ya san ta. An gan ta a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Ƙaramar gardama tsakanin mutum biyu ta zama wutar da ta ci rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, domin waɗanda suke riƙe da sanduna a sahun gaba samari ne da ba su san juna ba sai da sunan ƙabila. A irin wannan rana, saurayi ɗaya da zai iya kiran takwaransa na wancan ɓangare da sunansa, su tsaya tare su ce a dakata, ya fi motar 'yan sanda da za ta iso bayan an gama ɓarna.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Akwai masu cewa wannan wasan Turawa ne, kuma talaka da yake dakon buhu a Apapa ko yake bin shanu a ƙasa ba ya bukatar a koya masa wahala. Lalle akwai gaskiya a nan. Ɗan dako ya fi kowane ɗalibin Shere sanin nauyi. Amma wahalar neman abinci daban take da wahalar horo. Ta farko takan koya wa mutum ya kula da kansa, domin in bai yi ba babu mai yi masa. Ta biyu an shirya ta ne musamman domin ya koyi kula da na kusa da shi, ya yi shugabanci yau, gobe kuma ya bi umurnin wanda ya shugabanta jiya. Daɗin daɗawa, 'ya'yan da ake magana a kansu yawancinsu ba 'yan dako ba ne. 'Yan makaranta ne da suka tashi a birni, waɗanda iyayensu suka sha wuya domin su huta, har wasunsu ba su taɓa kwana a fili ba.

Batun cewa dutse na Turawa ne kuwa, tarihi bai yarda ba. Kano a gindin Dala ta tsiro. Tarihin Zazzau ba ya cika sai an ambaci Turunku da Kufena. Mutanen Filato su ma a cikin waɗannan duwatsu suka kare kansu ƙarni da ƙarni. Abin da Bature ya kawo shi ne igiya da tsarin koyarwa, dutse kuwa tun fil azal yana nan.

Wasu kuma sukan ce hali zanen dutse ne, makonni biyu ko uku ba za su sake mutum ba. Wannan ma ba a musu. Makarantar Dutse ba ta mai da ɓarawo waliyyi, kuma babu shakka cikin dubban da suka ratsa ta akwai waɗanda suka hau kujera suka ci amana. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai yaro mai jarunta da bai san yana da ita ba, akwai mai iya shugabanci da ba a taɓa ba shi ko mutum uku ya jagoranta ba. Irin waɗannan ne dutse yake tono abin da ke cikinsu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Suka mafi nauyi ita ce ta uban da zai ce: yaya za a ce ya aika ɗansa Jos, garin da aka yi ta zub da jini? Ba za a raina wannan tsoro ba. An yi rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba na 2008, da na 2010, shekarar da sunayen Kuru Karama da Dogo Nahawa suka shiga bakin duniya saboda kisan da aka yi wa bayin Allah, Musulmi a nan, Kirista a can. Abin baƙin ciki ne a ce garin da ya karɓi baƙuncin makarantar koyon zama tare shi ne ya rabu unguwa-unguwa a ƙarƙashin idonta. Wannan ya nuna cewa makaranta ɗaya ba ta isa ta riƙe gari ba idan shugabanni sun saki nasu gefen igiyar. Amma bai nuna darasin ƙarya ne ba. Ya nuna waɗanda suka same shi sun yi kaɗan. Uba yana da hakkin ya bincika halin da hanya take ciki kafin ya saki ɗansa, kuma wajibi ne hukuma ta ba shi amsa mai gamsarwa. In hankalinsa bai kwanta ba tukuna, to, ga Makarantar Teku nan a Apapa, ga ta Aluu kusa da Fatakwal, duk hukuma ɗaya ce, manufa ɗaya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Abekuta da Anacha da Inugu da Fatakwal, tare da ƙungiyoyin 'yan kara da 'yan goro da 'yan gwari, su ne ya kamata su ɗauki wannan magana. Ƙungiyar da take iya tara kuɗi domin gyaran masallaci ko kai gawa gida ba za ta kasa ɗaukar nauyin samari biyar ko goma a shekara su je horo lokacin hutun makaranta ba. A zaɓe su da adalci, kada abin ya zama na 'ya'yan masu unguwa kaɗai.

Na biyu, kuma wannan shi ne gishirin maganar, kada a aika su su kaɗai. Sarkin Hausawa ya je wurin basaraken gari ko shugaban kasuwa ya ce ga samarinsa biyar, a kawo biyar na 'yan gari su tafi tare, mota ɗaya, tanti ɗaya. In an yi haka shekara goma, unguwa za ta samu mutum ɗari waɗanda suka taɓa riƙe wa juna igiya, kuma su ne za su zama dattawan kasuwa gobe. Zumunta a ƙafa take.

Na uku, akwai hakki a kan Gwamnatin Tarayya, wadda hukumar take ƙarƙashin ma'aikatarta ta matasa. Makarantar da rayukan ɗalibai suke rataye a kan igiya ba wurin tsimi ba ce. Dole ne a riƙa sabunta kayan aiki a kan kari, a horar da malamai, a biya su hakkinsu. Sa'an nan a yi shelar kwasa-kwasan da Hausa da sauran harsuna a rediyo, tare da faɗin kuɗin da lokacin, domin kada ƙofar ta zama ta ma'aikatan gwamnati da na bankuna kaɗai. A kuma tabbatar wa iyaye cewa an tanadi lokacin ibada, da masauki na mutunci ga 'yan mata, gama uba ba zai saki 'yarsa ba sai ya ji wannan da kunnensa.

Na huɗu, su kansu ƙungiyoyin Man O' War na makarantu da unguwanni su tuna da asalinsu. Waɗanda suka fara wannan abu a 1951 an san su ne da tuɓe riga su yi wa ƙauye aiki. Idan aka wayi gari abin ya tsaya a kan kaki da fareti da tsare ƙofar biki, to, an riƙe kube an yar da wuƙa.

Iyayen da suka baro Arewa suka zauna Kurmi sun yi nasu hawan dutsen, sun shiga ƙasar da ba su san harshenta ba, suka kafa gida da kasuwa da mutunci. Abin da ya rage shi ne su bar wa 'ya'yansu aminai a ƙasar da aka haife su. Shekara fiye da saba'in ke nan da kafa wata makaranta domin wannan bukata, kuma fiye da shekara sittin tana zaune a Arewa. Makiyayi ba ya jira bushiya ta shiga garke kafin ya nemi allurar Vom. Haka nan bai kamata a jira wata gobarar kasuwa ba kafin a tuna da hanyar Shere. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya tsare na gida da na tafiya, amin.